Kunnen Bobai na Dama

Litinin, 18 ga Nuwamba, 7:10 na safe

Bakwai nake da su. Saura uku.

Kowace shekara a irin wannan lokaci na riga na cika goma har ina rage wasu. Shekara goma sha huɗu ke nan ni da abokina Bobai muna wannan abu: kowa ya zaɓi faifan kiɗan blues goma da suka fi kwanta masa a rai cikin waɗanda suka fito a shekarar, Asabar ta biyu a Disamba mu haɗu, mu ci, mu yi ta musu har matanmu su gaji su bar mana falon. Wata shekarar shi zai zo Manchester, wata ni in je Birmingham. Bana ni ne da tafiya.

Ba ma kiran faifan da sunayensu na gaskiya. Bobai ne ya fara laƙaba musu suna, abin ya bi mu. Bana akwai Tsohuwa Mai Tari, wata 'yar shekara saba'in daga Mississippi da muryarta ke karcewa kamar mura ba ta taɓa sakinta ba. Akwai 'Yan Glasgow, samari huɗu masu dukan jita kamar sun kama ɓarawo. Ni ina son su, shi ya ce hayaniyar tasha ce. Akwai kuma wani ɗan Texas da ke jan wuyan kwalba a kan tsirkiya har ka rantse goge ake yi a Sabon Gari. Wannan ni na sa masa Mai Goge. Ba ya cikin bakwai ɗin. Ban sake kunna shi ba tun Oktoba.

Monica, matar Bobai, ta turo saƙo tun ranar Alhamis. Na karanta. Na rubuta mata, "Allah ya sawwaƙe, zan kira."

Ban kira ba.

Talata, 19 ga Nuwamba, 1:25 na rana

Marasa lafiya goma sha tara kafin azahar. Ban kira ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, 6:40 na yamma

Tsohuwa Mai Tari na saka daga clinic har gida. Waƙa ta huɗu ba ganga ba komai, ita da jitarta kawai, tana ba da labarin ƙanwarta da ta ƙi zuwa jana'izar babansu. Na san abin da Bobai zai ce: "Wannan ba waƙa take ba, gulma take." Sannan ya sa ta ta biyu.

Shi ya koya mini kiɗan nan. A Samaru, shekararmu ta farko a jami'a, aka haɗa mu ɗaki, ni ɗan Gwale mai karatun likita, shi ɗan Kagoro mai karatun injiniya. Yana da wata tsohuwar rikoda da kaset uku da wani fadan coci ya bar wa babansa. Sati biyu ina roƙonsa ya kashe. A sati na uku ya dawo daga laca ya tarar na kunna da kaina.

Sanƙarau ya kama shi yana ɗan shekara shida, ya tafi da kunnensa na hagu. Shi ya sa shekara talatin ke nan a damansa nake tafiya, a damansa nake zama. Ko a hoton bikina a damansa nake. Ba wanda ya kai ni sanin kunne ɗaya gare shi.

Abin da Monica ta rubuto: ta dawo daga Kafanchan, inda ta yi sati uku wajen rasuwar mamarta, ta yi ta buga ƙofa ba a buɗe ba, ga talabijin ana jin sa tun daga bakin titi. Ranar ta ja shi A&E, sashen gaggawa na asibiti. Sun ce jijiyar kunnen dama ce. Sun fara ba shi maganin steroid. Sun tambaye shi me ya sa bai zo tun ranar farko ba.

Ba ta rubuto abin da ya ce musu ba.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, 2:50 na rana

Bayan an sallame na tare Dakta Sunusi wajen takalma. Shi likitan kunne ne.

Na ce, "Wani case nake son jin ra'ayinka. Mutum ya tashi da safe kunne ya ɗauke. Kwana ashirin kafin a fara steroid."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Kwana ashirin? In aka kama shi a satin farko, da yawa ji na dawowa. Bayan sati biyu kam ana yi ne dai, sai addu'a. Ɗaya kunnen lafiya lau?"

"Babu ɗayan. Tun yana yaro."

"Subhanallah. Bai ga kowa ba duk kwanakin nan?"

"Ya yi magana da wani GP, likitan unguwa irina."

"Ya ce masa datti ne, ko?" Ya girgiza kai yana ɗaure igiya. "Irin waɗannan su ke ɓata muku suna, Sha'aban."

Ya riƙe hannuna har mota yana tuna mini da sunan jikarsa ranar Lahadi. Na ce in Allah ya yarda.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 11:30 na safe

Monica ce ta kira. Ina wanke mota, na ga sunanta, na tsaya ina kallon wayar har ta kusa tsinkewa.

"Dakta, ka ɓuya."

"Maman Gamaliel, aiki ne wallahi. Ya mai jiki?"

"Ga shi nan zaune kamar baƙo a gidansa. Sun ba mu wata letter, ban gane rabinta ba. In turo maka?"

Ta turo. Na karanta mata layi layi. Na yi mata bayanin zanen gwajin jin, na faɗa mata ma'anar allurar da za su yi masa ta cikin dodon kunne, sau uku, sati sati. Na ce ba ta da zafi sosai. Na iya bayani. Marasa lafiyata kullum suna yabon yadda nake bayani.

Sai ta fara kuka, a hankali, irin na wadda ta saba ɓoyewa, ko da yake yanzu ba mai ji a gidan.

"Abin da ke cin raina, ga aboki likita. Da ma ya ɗaga waya ya kira ka tun ranar. Na tambaye shi, ya ce bai so ya dame ka ba. Ka ji taurin kai. Da ya kira ka da ba mu kai nan ba."

Na ce, "Haka Allah ya tsara."

Ta ce, "Amin. Na gode, Dakta. Ban san yadda za mu yi ba da ba ka nan."

Na ƙarasa wanke motar. Na sake wanke tayoyin.

Litinin, 25 ga Nuwamba, 12:45 na rana

Wani direban bas ya zo yau, Bature, shekara hamsin da 'yan kai. Tun jiya kunnensa ɗaya kamar an cusa auduga, ga ƙara a ciki. Ya ce matarsa ta ce datti ne, shi ma ya zo ne kawai a wanke masa.

Na leƙa kunnen, tas yake. Na buga ƙarfen nan mai reshe biyu na ɗora masa a goshi, na ce ta wane gefe yake ji. Ya nuna mai lafiyar. Na rubuta masa steroid, na kira asibiti a gabansa, za su gan shi gobe. Ya yi ta mamaki, wai duk wannan saboda kunne?

Da ya fita na duba agogon kwamfuta. Minti huɗu.

Na shiga banɗakin ma'aikata na kulle. Sai da aka ƙwanƙwasa sau biyu na fito.

Talata, 26 ga Nuwamba, 8:05 na safe

Takwas. Wata 'yar Leeds mai piano. Ban ma san ko ina son faifan ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, 5:15 na yamma

Saƙo daga Bobai, na farko tun Oktoba.

"Bokan Turai, sun soka mini allura ta dodon kunne. Wanda ya ce ba zafi Allah ya isa."

Haka yake kirana tun ranar da na auri Turai. Ya ce sunan ya zauna ta ko'ina.

Wani ya biyo baya: "Ka shirya list ɗinka, 14 ga wata na nan. Nawa ya tsaya a Oktoba, shida ne, amma shida na sun fi goma naka. In ka sa 'Yan Glasgow a sama kada ka shigo mini gida."

Shi ke nan. Na yi ta jan allon wayar sama da ƙasa ko akwai wani abu. In na ja sama kaɗan, saƙonnin Oktoba na nan, a gabansa kamar yadda suke a gabana. Duk lokacin da ya buɗe sunana zai gan su.

Na tura masa fuskar dariya.

Asabar, 30 ga Nuwamba, 7:30 na yamma

Na ce wa Turai akwai course a Stoke. Na kama M6 har Birmingham.

Na isa Aston wajen sha ɗaya da rabi. Na yi fakin gida shida kafin nasu, bayan wata farar mota. Na shirya maganar tun daga Stafford, har da inda zan tsaya in ja numfashi.

Ya fito da shara. Ya rame, ko kuma rigar ce. Ya ajiye ledar a bola ya tsaya yana kallon titi. Maƙwabcinsu, dattijon nan ɗan Jamaika da suke hirar kiriket, ya fito ta bayansa yana kiransa. Sau uku. Ina ganin bakinsa. Bobai na tsaye hannu a aljihu. Dattijon ya tsaya jim, ya sauke hannunsa, ya koma ciki bai taɓa shi ba.

Bobai bai san an yi ba. Ni kaɗai na gani.

Na tayar da mota. Na tsaya a Balsall Heath na yi azahar, na sayi shinkafa da nama na kasa ci. Turai ta tambayi course, na ce ba laifi.

Litinin, 2 ga Disamba, 6:20 na safe

Bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru.

Alhamis, 24 ga Oktoba. Rabin yini nake yi ranar Alhamis. Ba na clinic. Ina shagon faifai na ƙarƙashin ƙasa da ke bayan Oxford Road, inda suke barin mutum ya saurara kafin ya saya. Mai shagon ya ajiye mini faifan ɗan Texas. Na sa hedifon. Ina tsakiyar waƙa ta biyu, daidai inda jitar ke hawa, waya ta yi motsi a aljihu.

Na janye hedifon ɗin gefe ɗaya kawai.

"Bokan Turai, na tashi yau kunnena kamar an cusa auduga. Ga wata ƙara kamar firji."

Ban tambaye shi wanne ba. Ba sai na tambaya ba.

Na ce, "Datti ne. Ɗiga man zaitun safe da yamma."

"Me ka ce?"

"Man zaitun."

"Ƙara murya, ba na jin ka sosai."

"Zan turo maka a rubuce. Ina tare da mara lafiya."

Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da biyu. Wayar ta ajiye lissafin. Na mayar da hedifon, na dawo da waƙar farko don kada in rasa hawan.

Talata, 3 ga Disamba, 1:10 na rana

Jiya ban gama ba. Bayan kwana huɗu ya rubuto, "Har yanzu shiru, kullum ƙaruwa yake." Na rubuta, "Ba shi sati biyu."

Alhamis, 5 ga Disamba, 7:45 na yamma

Na dawo na zauna a mota a ƙofar gida, ban kashe ba, ban kunna komai ba. Shifa ta fito da silifas ta ƙwanƙwasa gilashi. "Dad, you've been sat there ages. Mum says your tea's going cold."

Da Shifa ta hau sama, Turai ta zauna gabana tana kallona ina juya tuwo a miya.

"Abban Shifa, course ɗin Stoke har da tikitin fakin na Birmingham ake bayarwa? Na gani a aljihun kwat."

Na faɗa mata. Duka, har da shagon. Ban taɓa faɗa da baki ba sai yau, kuma ya fi guntu a baki fiye da yadda yake a kai.

Ta ɗauke kwanon gabana ta rufe.

"Shi ya sa kake daɗewa a sujada kwanan nan."

"Ina roƙon gafara."

"Na sani. Allah ka faɗa masa. Monica fa?"

"Bobai bai so ta sani ba. In yana so da ya faɗa."

"Tana can tana ganin laifin mijinta. Mutum ya kurumce, kuma kullum ana ce masa shi ya jawo wa kansa. A rubuce ma, tunda ba ya ji." Ta tashi da kwanon. A bakin kicin ta tsaya. "Ranar nan ta kira ni tana sa maka albarka. Na ce amin. Ka sa ni na ce amin."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, 8 ga Disamba, 4:00 na yamma

Tara. Wasu 'yan'uwa biyu daga Chicago, ɗaya na busa harmonika, ɗaya na amsa masa da jita kamar masu faɗa a kan gado. Wannan Bobai zai so. Zai so ƙwarai.

Na jera su daga biyu zuwa goma. Tsohuwa ta biyu, 'yan Chicago na uku, 'Yan Glasgow na tura su na bakwai. Layin farko na bar shi fari. Na san wanda ya kamata ya hau. Yana cikin ledarsa a bayan kabad.

Laraba, 11 ga Disamba, 1:30 na rana

Monica ta rubuto. Wurin aiki sun ce ba zai koma kan layin dogo ba, ba a barin wanda ba ya jin ƙaho a can. Za su duba ko akwai tebur a ofis. Shekara goma sha bakwai yana gyaran sigina. Allura ta uku gobe.

Ta ce, "Asabar kana zuwa ko? Tun jiya yake goge faifansa. Zan yi faten acca."

Na ce ina zuwa.

Juma'a, 13 ga Disamba, 6:30 na safe

Zan iya cewa mura.

Lahadi, 15 ga Disamba, 9:00 na safe

Na je.

Bobai ne ya buɗe, don tun sha ɗaya yake tsaye a taga. Ya rungume ni. Muryarsa ta canza, tana fita da ƙarfi kuma a miƙe, kamar mai karanta sanarwa. "Ka yi ƙiba, boka." Na buɗe baki zan rama, sai ya ɗaga wani farin allo da alƙalami da ke rataye a wuyansa.

Ɗansu Gamaliel ya sa masa wata manhaja a waya da ke mayar da magana rubutu, amma Turanci kaɗai take ji. In ka yi mata Hausa sai ta rubuto shirme. Ni kuma shekara talatin ban taɓa yi wa Bobai Turanci ba sai don zolaya. Saboda haka allo.

Muka zauna a falo. Na zauna a damansa, sai bayan na zauna na tuna. Monica ta shigo da tire tana goge hannu a zani, tana cewa kazar daga Balsall Heath ta sayo, kada in ji komai. Ta juya ta rubuta masa a allo, "Ga wanda ya kamata ka kira." Ta ja layi a ƙarƙashi. Da wasa ta yi. Ya karanta ya yi murmushi.

Na ce, "Maman Gamaliel, ya kira ni."

Ta juyo.

"Ranar da abin ya fara ya kira. Na ce masa datti ne, ya ɗiga man zaitun. Bayan kwana huɗu ya sake rubutowa, na ce ya ba shi sati biyu."

"Ban gane ba."

"Ni na hana shi zuwa asibiti."

Bobai na kallon bakina, yana kallon nata. "Me ya ce? Monica, me yake cewa?"

Ba ta kula shi ba. "Ka duba shi?"

"A waya ne. Minti biyu bai cika ba."

"Kana aiki."

Ta ba ni ƙofa. Ina ganin ta ba ni ita da gangan.

Na ce, "A'a. Na ce masa ina tare da mara lafiya. Ina shagon faifai ne."

"Kiɗa kake ji."

"Eh."

Ta ajiye alƙalamin a kan tebur a hankali. "Na kira ka ina kuka. Ka karanta mini letter. Ka ce haka Allah ya tsara." Ta dubi mijinta, ta dubi allon, ta sa gefen hannu ta goge abin da ta rubuta. Ta shafa kansa sau ɗaya. Sannan ta ɗauki kwat ɗinta daga bayan ƙofa. "Faten na kan wuta. Ku ci. Ban dafa don a zubar ba."

Ƙofa ta rufu. Ni na ji, shi ya gani.

"Ka faɗa mata," ya ce.

Na ɗaga kai.

"Wa ya aike ka?"

Na rubuta, "Ba kowa."

"Wata guda ina ɓoye mata. Ka san don me? Ba don kai ba. Ba ni da ƙarfin rarrashin mutum biyu ne." Ya miƙe, ya je taga, ya dawo. "Na zage ka, Sha'aban. A banɗaki nake shiga in zage ka. Ban san ƙarfin muryata ba sai da maƙwabci ya tambayi Monica wa nake faɗa da shi. Ni ma ina da ƙafa, da na je asibiti. Amma kai ka ce datti ne. Tun muna Samaru ba ka taɓa faɗar abu a kan jikina ya zama ba haka ba."

Na ɗauki alƙalami.

"Kada ka rubuta mini yi haƙuri. Allon nan ya gaji da ita."

Na ajiye.

Muka zauna. Can ya tashi ya kashe wutar faten ya zubo mana. Muka ci. Da ya gama ya jawo takarda daga aljihun riga ya shimfiɗa. Shida, da rubutunsa na injiniya, kowanne da dalilinsa a gefe. Tsohuwa ta biyu. Ya miƙo hannu, na ba shi tawa.

"Tara ne. Ina na ɗaya?"

Na rubuta masa Mai Goge. Na rubuta cewa ba wurin mara lafiya nake ba ranar, shi nake ji lokacin da ya kira. Wannan bai sani ba. Ya karanta sau biyu.

"Ban kai ga jin wannan ba. Ya cancanta?"

Na rubuta, "Eh."

"To. Aƙalla ba don 'Yan Glasgow na kurumce ba."

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Ya turo mini allon da ƙafa. "Rubuta mini yadda yake. Kada kuma ka ce in ɗora hannu a kan sifika, Gamaliel ya gwada, kamar injin wanki ne. Fara daga waƙar farko."

Na rubuta, ya karanta, na goge, na sake rubutawa. Yadda gangar ke shigowa a makare kamar mai jin kunya. Yadda jitar ke kuka ta yanke, ta bar ka kana jira. Allo tara na cika. A na biyar ya ce ƙarya nake, ba ɗan Texas ɗin da zai iya wannan, a wurin 'yan Mali ya sata. Na rubuta masa cewa bai ji ba, ba shi da bakin magana. Sai da na rubuta na ga abin da na rubuta. Ya kalle ni, ya ce, "Ci gaba."

Har na tafi da la'asar Monica ba ta dawo ba. A ƙofa bai rungume ni ba. Ya ce, "Ban yafe ba tukuna. In na yafe zan gaya maka."

Litinin, 16 ga Disamba, 1:15 na rana

Na rubuta komai na tura wa babbar likitar clinic ɗinmu, a sa a fayil ɗina. Ta ce ba mara lafiyarmu ba ne, ba dole ba ne. Na ce a sa.

Na tura wa Monica saƙo. An karanta.

Talata, 17 ga Disamba, 6:50 na yamma

Daga Monica, ba sallama: "Alhamis 10:15, gwajin ji. Ina da shift."

Alhamis, 19 ga Disamba, 5:40 na yamma

Na ɗauke shi tara da rabi. A ɗakin jira ma'aikaciya ta fito ta kira sunansa, ta murɗe shi yadda suka saba. Yana karanta wata takarda a bango. Ta sake kira. Na taɓa kafaɗarsa.

Gwajin bai ɗauki rabin awa ba. Ƙananan sautuka sun ɗan motsa, kaɗan, irin ƙarar babbar mota. Magana babu. Likitar yarinya ce, ba ta fi shekara talatin da biyu ba. Ta juya masa kwamfuta tana bugawa yana karantawa. Allurar ta yi iyakar abin da za ta yi. Za su tura shi wurin masu dasa na'ura a cikin kunne, a duba ko ya dace. In an dace zai ji magana, bayan watanni na koyo.

Ya ce, "Kiɗa fa?"

Ta buga, ta goge, ta sake bugawa: wasu suna jin daɗinsa, da yawa suna cewa ba kamar da ba.

Ya ɗaga kai.

Tana cike takardar turawa ta tsaya a wani layi. Ta dube ni, don ta ɗauka ɗan'uwansa ne. Ta ce a nan an rubuta bai nemi shawarar kowa ba har kwana ashirin, haka ne?

Na ce ba haka ba ne. Ya nema a ranar farko, a waya, wurin GP. An ce masa datti ne. Ta tambayi ko na san sunan GP ɗin. Na faɗa mata, na jera mata haruffan. Sai da ta buga ta dubi katin aikin da ke wuyana, wanda na manta ban cire ba. Ta gyara layin.

Bobai ya karanta a allon kwamfutar tare da mu.

A mota muka wuce jami'ar Aston. Sannan ya ce yunwa yake ji, kuma in tuƙa da kyau, yana jin yadda nake taka birki a ƙashin bayansa.

Da muka isa Monica ta dawo, tana tsaye a ƙofa da kayan aiki. Na gaishe ta. Ta kama hannun mijinta ta shigar da shi. Na juya zan tafi sai ta fito, ta miƙo mini wata takarda ba tare da ta dubi fuskata ba. Wasiƙar asibiti ce ta wani appointment, tun makon jiya ta zo. Tara ga Janairu, ƙarfe biyu.

Ta ce, "Ranar ma ina da shift."

Turai ta ce mini Monica ba ta aiki ranar Alhamis ɗin nan, ita da bakinta ta gaya mata. Na nemi hutun ranar, an ba ni.